Wane gem ɗin RPG ne ya ƙi fita daga ranka?

Baban Nana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya muna kwashe tarkacen tsohon ɗakina na gidanmu, za a gyara wa ƙanena saboda aurensa ya matso, sai ga memori kad ɗina na PS1 (PlayStation ta farko) a ƙasan akwati, mai ruwan toka, har da 'yar takardar da na liƙa masa na rubuta "kar a taɓa". Wallahi zama na yi a bakin katifa ina jujjuya shi kamar wanda ya tsinci hoton mamaci.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, na buga ƙwallo a gidan gem sau ba adadi, amma ko wasa ɗaya ba zan iya tuno muku ba. Final Fantasy VII (FF7) kuwa, wanda ya fito tun 1997, RPG ne, wato gem ɗin da kake ɗaukar matsayin jarumi ka bi labarinsa, kuma ina iya zana muku birninsa Midgar a takarda yanzun nan. Faifai 3 ne, aron su na yi wajen ɗan maƙocinmu, kuma Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, da ƙamus a gefena nake bugawa. Na raini Aerith, ɗaya daga cikin 'yan tawagata, na ba ta mafi kyawun materia (duwatsun sihiri) da nake da su, ita ce mai yi min magani a kowane faɗa. Kawai a ƙarshen faifan farko Sephiroth, mugun labarin, ya diro daga sama ya soke ta. Na zauna ina jira a ce na tashe ta, tunda ga Phoenix Down cike da jakata, abin da nake tayar da matattu da shi kullum a fagen faɗa. Shiru. Gem ya ci gaba abinsa ba ita. Sati biyu na yi ina tambayar duk wanda na san yana da PS ko akwai dabarar dawo da ita.

To ku fa? Wanne ne naku, kuma me ya sa shi ɗin?

Auta:
Haba Yaya! Ni yanzu nake tsakiyar Rebirth, sabon FF7 da aka sake yi, ka zo ka fasa min ƙwai a ka 😭

Ɗan Fagge:
Auta, labarin da ya girme ka ne za a ɓoye maka? Lokacin da ta mutu ko auren iyayenka ba a ɗaura ba.

Ni dai ba na cikin masu kuka saboda zane. Skyrim, shi ke nan magana ta ƙare. Ranar 11 ga watan 11 na 2011 ya fito, har yau mutane na bugawa, wannan kaɗai hujja ce. Abin da ya kama ni: ana gama tsere wa dodon nan mai fukafukai a Helgen, ka fito daga kogo, sai gem ya sakar maka mara. Babu mai cewa bi nan. Na shiga ƙauyen farko, Riverwood, na ga kaza tana yawo, na ce bari na gwada takobina. Kafin na ankara gari duk ya taso min, maƙeri da matarsa da kowa. Saboda kaza! Na yi dariya har hawaye. Bayan nan na je tsokanar wani ƙaton samudawa a bayan Whiterun, ya ɗan taɓa ni da kulkinsa, sai ga ni a sararin samaniya ina hango duwatsu. Na fi awa 200 a ciki, kuma ku rantse min, ban gama babban labarin ba har yau. Ban ma damu ba. Labarin da na ƙirƙira da ƙafata ya fi min wanda suka rubuta.

Gimbiyar Damagaram:
Ɗan Fagge, ka yi haƙuri, Skyrim tafki ne mai faɗi amma ruwan iya idon sawu. Ka zama shugaban makarantar bokaye ta Winterhold, ka zama shugaban ɓarayi, ka zama shugaban mayaƙa, duk a mutum ɗaya, amma mai gadin ƙofa bai fasa yi maka magana kamar almajirin da ya shigo gari jiya ba. Kazar da ka kashe ma, biyan tara kake yi a manta.

Nawa The Witcher 3 ne, na 2015, aikin CD Projekt Red na ƙasar Polan. Da fassarar Faransanci na buga shi a ordinatar yayana, sai dare in kuran ya zo. Kuma ba Geralt, jarumin gem ɗin, ba ne ya zauna min a rai, Baron ne, wancan mashayin na Velen da ke neman matarsa da ɗiyarsa. Da farko tausayi ya ba ni, dattijo iyalinsa sun ɓata. Da na bi sawu sai na gano ba ɓata suka yi ba, gudu suka yi, saboda dukan matar yake. Na tsane shi. Sai kuma aka zo wurin jaririyar da suka yi ɓarinta ya binne ba suna, aka sa shi ya ɗauke ta a hannu ya raɗa mata suna. Nan na rasa inda zan ajiye shi. Duk wadda ta tashi a unguwa ta san irin wannan mutumin, mai kuka da gaske kuma mai duka da gaske.

Sai batun ruhin da ke ƙarƙashin bishiya. Ya roƙe ni in sake shi, ya yi alkawarin ceto marayun da ke hannun mayyun fadama. Na ce yara ai sun fi komai, na sake shi. Ya cika alkawari, amma ya ragargaza ƙauyen Downwarren, mayyun suka huce a kan matar Baron ta mutu, na koma gidansa na tarar ya rataye kansa. Tsakanin zaɓin da na yi da sakamakonsa an yi awoyi, har na riga na danne tsohon sebin, wato ajiyar wasan. Babu komawa. Na rufe ordinatar na je na kwanta ban yi wa kowa magana ba.

Ɗan Fagge:
Ranki ya daɗe, to ai wannan fim kika kalla da maɓalli a hannu. Kuma dokin Geralt da ake samu a kan rufin ɗaki fa, shi ma zurfin labari ne? 😂

Gimbiyar Damagaram:
Wanda gem ɗinsa ake kifa wa mai shago bokiti a ka a kwashe kayansa yana tsaye, shi ne zai yi wa dokin wani gori?

Bazazzagi:
Ku duka biyun hira kuke. Abin da ba ka yi gumi a kansa ba ba ya zama naka. Dark Souls na 2011 da Elden Ring na 2022, duka na FromSoftware, ba sa lallashin kowa. Ka fito filin farko a Elden Ring, ga wani mahayi sanye da sulken zinariya yana sintiri, ka ce bari ka gaisa, ya shimfiɗe ka da bugu biyu. Darasin farko ke nan: ba kowane faɗa ne naka na yau ba, zagaya ka dawo.

Malenia kuwa, wata bos (babbar abokiyar gaba) a Elden Ring, sai da na fara yin alama a bayan littafi, na ƙirga 63 kafin ta faɗi. Matar nan duk sanda ta same ka jininta ƙaruwa yake, ko da ka tare da garkuwa. Kuma in ka yi murnar ka gama da ita sai ta tashi karo na biyu da sabon jini. Daren da na kayar da ita hannuna rawa yake, na yi ihun da ya sa Hajiyarmu ta fito da tocila tana tambayar ko ɓarayi ne. Sunayen mutanen labarin ma rabi na manta, amma yatsuna har gobe sun san lokacin da ake mirginawa.

A Dark Souls kuma akwai wani lif a cocin Undead Parish. Ka sha wuya awoyi, ka ɗauka ka yi nisa da gida, ka hau shi, sai ya sauke ka daidai wurin wutar da ka fara, Firelink. A nan na gane duk duniyar a ɗinke take kamar lungunan cikin birni, ka shiga ta nan ka ɓullo bayan gidanku.

Baban Nana:
Bazazzagi, matsalata da gem ɗinku ɗaya ce: ba a tsayar da shi. Ana kiran magariba kana tsakiyar bos, sai dai ka ajiye hannu ka bar shi ya kashe ka.

Bazazzagi:
Haka ake yi Yaya, a mutu a je a yi salla, ai dama mutuwar ba baƙuwa ba ce a can. Amma a Elden Ring akwai dabara: buɗe jakar kaya, ka danna taimako, ka zaɓi bayanin menu, komai zai tsaya cak.

Auta:
Tunda kowa na faɗar nasa, ni GTA San Andreas. Ai shi ma RPG ne. Jaruminsa CJ yana ƙiba in ya cika ci, yana yin ƙwanji in ya je ɗaga ƙarfe, ƙwarewar tuƙinsa tana ƙaruwa. Ko God of War.

Ɗan Fagge:
Auta je ka kwanta.

Auta:
A'a, a ba ni amsa. Me ya sa Witcher ya zama RPG alhali Geralt ba kai ka ƙera shi ba, amma CJ bai zama ba?

Malam Na-Tudu:
Kada ku kore shi, tambayar tasa tana da nauyi, kuma masu yin gem ɗin da kansu sun cakuɗa abin. Asalin RPG daga wasan tebur ya taso, Dungeons & Dragons na 1974, inda mutane ke zama kowa ya ɗauki matsayin wani, a jefa ɗan lido a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Daga nan hanya ta rabu biyu. Mutanen Japan, tun daga Dragon Quest na 1986, suka riƙe ɓangaren rainon jarumi da lambobi da labari shiryayye. Na Amurka da Turai suka fi riƙe ɓangaren zaɓi. San Andreas ya ari lambobin ne kawai, Auta. Ko CJ ya yi ƙiba ko ya rame, jigon labarin ba ya canzawa.

Ni nawa tsoho ne, Chrono Trigger, 1995, a Super Nintendo. Wanda ya zana mutanen cikinsa Akira Toriyama ne, ya rasu a 2024. Ga abin da ya sa ban manta shi ba. A farkon wasan kana yawo a wajen bikin gari, ka yi karo da wata yarinya, ku faɗi, sarƙarta ta yi gefe. Ni da hankalin ɗan gem, sarƙar na fara ɗauka kafin na duba ko ta ji ciwo. Can gefe na ga ƙunshin abinci a ajiye, na danna, jarumina ya cinye, jini ya ƙaru, na ce madalla. Na wuce na manta. Bayan an yi nisa sai aka kama ni aka kai kotu bisa zargin sace 'yar sarki. Aka fara kiran shaidu. Ga dattijo ya fito yana cewa wannan yaron ne ya cinye masa abincin rana. Aka nuna yadda na yi wawar sarƙa na bar yarinya a ƙasa. Wallahi kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Duk gem ɗin da na buga kafin nan ya koya min cewa abin da ka gani a ƙasa naka ne, shiga gidan mutane ka buɗe tukunya ba laifi. Wannan ya yi shiru yana rubutawa.

Shi ya sa nake ganin Gimbiya da Baban Nana abu ɗaya suke faɗa. Har kazar Ɗan Fagge ma cikin layin take. Awa 200 ya yi, amma da aka ce ya kawo abin tunawa, wurin da duniyar ta mayar masa da martani ya kawo.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam, ka ɗaure ni da igiyata. Amma ban sallama ba. Akwai daren da na hau dutse a Skyrim, sama ta yi kore da shuɗi, kiɗa na tashi a hankali, babu abokin gaba, babu zaɓi, babu sakamako. Tsayawa kawai na yi. Wannan fa a wane layi za a sa shi?

Malam Na-Tudu:
Wannan kam ka ci ni. Ba ni da layinsa.

Ɗan Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Ina ta karanta ku ina murmushi, duk 'yan gata ne ku, masu PS da kwamfuta. Mu a waya muka tashi. RPG ɗina na farko Pokémon Emerald ne a manhajar kwaikwayon Game Boy, a wata waya mai fasasshen gilashi. Mudkip na zaɓa, na raɗa masa sunan kakana saboda faɗin baki, da shi na je har ƙarshe. Daga baya na samu PPSSPP, manhajar kwaikwayon PSP, na sa Crisis Core, labarin Zack da ya gabaci FF7. Wanda ya san FF7 ya san Zack ba zai kai ba, tun kafin ka fara an gama maka hukunci. Amma faɗan ƙarshen nan da sojoji ke ta ɓullowa ba iyaka, kana bugawa kana sane ba a cin sa, kuma wannan injin mai juya hotunan abokansa yana lalacewa, fuskoki na gogewa ɗaya bayan ɗaya har saura Aerith... caji na kashi 4, ina tsugune jikin soket a shagon ɗinkin yayana.

Yanzu kowa na ta zuzuta Baldur's Gate 3, wai ya ci gem ɗin shekara a 2023. Na yarda. Amma abin da ya haura gig 100, da wace datar zan sauke shi?

Bazazzagi:
Na buga shi wajen wani abokina. Larian na Beljiyam ne suka yi, kuma ɗan lidon da Malam ya ambata a fili yake, mai fuska 20, kana ganin yana juyawa kafin a ce ƙaryar da ka shirga ta karɓu ko ba ta karɓu ba. Yana da kyau ƙwarai, sai dai kowa sebin yake yi kafin jifa, in ta ƙi ya sake lodawa. To ina amfanin lidon? Sannan a kula, akwai wuraren da ba a bugawa a falo gaban yara.

Gimbiyar Damagaram:
Wannan sake lodawar ita ce ke kashe abin. A Mass Effect 2 na yi wa kaina alkawari duk wanda ya mutu a aikin ƙarshe ya mutu. Na tura wanda bai dace ba cikin bututu, aka harbe shi a bakin ƙofa. Da na ɗauki sebin ɗin na shiga da shi na 3, sai ga sunansa a allon mamata na cikin jirgi. Kullum sai na wuce ta gabansa.

Auta:
Genshin Impact fa? Kyauta ne, kuma yana hawa waya.

Baban Nana:
Kyautar ɗan koli. Shiga kyauta ne, amma jarumin da kake so sai ka zuba kuɗi a juya maka, ko ya fito ko bai fito ba. Ni abin ya yi min kama da caca, shi ya sa na goge. Kuma ka lura, Mudkip ɗin Ɗan Zango rainonsa ya yi tun yana ƙarami. Wanda ka ciro daga ƙuri'a, wata mai zuwa za a kawo wanda ya fi shi.

Auta:
Ni ban taɓa sa ko sisi ba Yaya, kuma na yi nisa.

Baban Nana:
Allah ya sa ka ɗore a haka.

Ɗan Zango:
Wani abu na damuna. Duk wanda muka lissafa na waje ne, ko Asiya, ko Turai, ko Amurka. A Kamaru akwai Kiro'o Games na Yawunde, sun fitar da Aurion a 2016, RPG ne na wani yarima da aka yi wa juyin mulki ranar aurensa. In su sun iya, mu fa? Ku ɗauki fataucin goro kawai: ayari ya tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, da madugu da jagaba da uban dawaki, ga fito a Kwara, ga 'yan fashi, ga sarakunan da sai ka biya kuɗin hanya. Ai tawagar RPG ce a shirye. Kakanninmu ta wannan hanyar suka zo nan.

Gimbiyar Damagaram:
Ko Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899. Amma ina tsoron abu ɗaya: in mu za mu yi, jaruma za mu yi wadda ba ta kuskure, kowa ya yi tafi a tashi. Za mu iya rubuta Baron namu? Madugun da zai zaɓa tsakanin jiran maras lafiya da tsere wa damina, kuma gem ɗin ya ƙi gaya maka wanne ne daidai?

Ɗan Fagge:
Ni dai a yi, a sa rijiyar Kusugu da macijin a matsayin bos na farko, kuma a bar ni na kashe kazar wani a Daura na ga abin da zai faru.

Malam Na-Tudu:
Za ka gani kuwa, har gaban alƙali.

Baban Nana:
Jama'a na dawo. Bayan isha'i na je wajen wani abokina da har yanzu yake da PS2, tunda tana karanta memorin PS1. Gabana na faɗuwa muka zura shi. Yana aiki! A cikin gidaje 15, goma sha ɗaya duk ƙwallo ce, aikin ƙanena ne, wannan angon da muke wa gyaran ɗaki, ashe takardar "kar a taɓa" ba ta hana shi komai ba. Amma FF7 guda biyu suna nan. Ɗaya na faifai na 3, awa 71. Ɗayan kuma na manta ma na yi shi: awa 24, Aerith tana nan da ranta. Ashe bayan ta mutu sabon wasa na fara, na kawo shi daidai kafin shiga haikalin nan na Ancients, na ajiye ban ƙara taɓawa ba.

Gimbiyar Damagaram:
Kar ka loda shi Yaya. Bar ta a nan.

Bazazzagi:
Loda shi mana, ka ƙarasa abin da ka fara.

Baban Nana:
Ko na so ma ba hali, faifan na mutane ne, tun a lokacin na mayar. Akwai mai faifan farko a cikinku? Ko ya ɗan karce ba komai, a goga masa man goge baki kamar da.

Auta:
Wai tsaya, Zack ma mutuwa yake yi?!